Tsohon Zinare Da Nauyin Alkawari

'Ya'yana, masu shirin aure da waɗanda suka riga suka shiga daga ciki, ku ba ni aron hankalinku. Zancen gwal ya cinye zancen aure a wannan zamani. Kafin a tambayi halin yaro an tambayi giram nawa ya zuba a lefe. Kafin a sa wa amarya albarka an ɗaga sarƙarta an jinjina a tafin hannu, a ji ko tana da nauyi. Ni da na tsufa a cikin saye da sayar da kayan gwal ba zan ce muku zinare abin banza ba ne. Ado ne da Allah ya halatta wa mata, kuma ajiya ce da ta sha rufa wa gidaje asiri ranar da aka rasa mafita. Abin da nake so ku riƙe shi ne: kyautar da masoyi ya ba masoyiyarsa shaida ce a kan alkawari, kuma darajar shaida tana tafiya ne da cikar alkawarin da ta tsaya wa.

Abin da ya fi zaunar mini da wannan magana a zuciya wani ɗan ƙaramin kayan ado ne na matan Turai, musamman na Ingila. Fil ne na ado da ake maƙalawa a gaban riga, wajen wuya ko ƙirji. Da wuya tsawonsa ya wuce ɗan yatsa, a bayansa akwai allura da 'yar ƙugiyar da take shiga. Jikinsa zinare ne, an jera masa ƙananan lu'ulu'u, irin farin nan na teku da ake cirowa daga cikin kawa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Mafi yawan waɗanda ake samu yau a shagunan tsofaffin kaya na Landan da Birmingham an ƙera su ne a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, da kuma 'yan shekarun da suka biyo baya.

Mutanen wancan zamani suna da kunya irin tasu. Saurayi ba ya buɗe baki ya zazzage wa budurwa abin da ke ransa, ga iyaye ga masu sa ido, sai ya bar maƙeri ya yi masa magana. Kowace siffa da saƙonta, kuma kowa ya iya karatun. Ƙullin da ba a ganin bakin zarensa yana nufin haɗuwar da ba rabuwa. Tsattsewa, saboda tana komawa sheƙarta duk shekara, ita ce kyautar matafiyi da ma'aikacin jirgin ruwa, yana cewa zai tafi kuma zai dawo. Angar jirgi alamar kyakkyawan fata ce. Ganyen wata ciyawa mai yaɗo, wadda in ta kama bango ba ta saki, shi ne riƙon amana. Jinjirin wata da ɗan fure a cikinsa na sababbin ma'aurata ne. Akwai hannu biyu riƙe da juna, akwai wani ɗan shuɗin fure da ke roƙon kada a manta da mai bayarwa, har da macijin da ya ciji wutsiyarsa ya zama zobe, alamar abin da ba shi da ƙarshe. A birnin Edinbara na ƙasar Sikotland kuwa an saba da fil mai zuciya biyu a sarƙe da kambi a sama, yawanci na azurfa, ana ba budurwa lokacin baiko. Shi kansa lu'ulu'un fuska biyu gare shi: a jikin amarya tsarki ne, a jikin wadda aka yi wa rasuwa hawaye ne.

Ku sake duba waɗannan saƙonni. Duk magana ɗaya suke nanatawa: zan tsaya, zan dawo, ba zan saki ba, ba zan manta ba. Babu siffa ko ɗaya da aka ƙera don ta ce ga yawan dukiyata.

Sarauniyar ce da kanta ta ƙara wa al'adar ƙarfi, domin abin da fada ta sa shi gari ke sawa. Ranar 9 ga Fabrairun 1840, ana gobe ɗaurin aurensu, Yarima Albat ya ba Biktoriya fil mai babban shuɗin yakutu zagaye da daiman 12. Washegari ta maƙala shi a gaban rigar aurenta, daga baya ta yi wasiyya ya zama kayan sarauta da sarauniyoyi za su riƙa gada, kuma Sarauniya Elizabeth ta biyu ta sha fitowa da shi. Wannan kyautar sarakuna ce, ba ta ba ni mamaki ba. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta 1847, lokacin da ya sa aka ƙera mata fil da haƙorin farko da babbar 'yarsu ta famfare. Akwai kuma kayan ado da aka yi mata da tsakuwoyin da aka tsinto a wuraren da suka saba zuwa shan iska. Matar da taskar daula guda ke hannunta ta adana haƙorin yarinya da tsakuwar bakin hanya, domin sun nuna mata mijinta yana lura, yana tuna ranar da ita ma take tunawa. Ɗana, in kana son kyautarka ta shiga zuciyar matarka, ka fara da sanin abin da ke faranta mata rai. Wannan ba a saye shi a kasuwa.

Kada kuma ku ɗauka abin na masu hali ne kaɗai. A 1854 dokar Ingila ta yarda a riƙa ƙera zinare mai karat 15 da 12 da 9, bayan a da 22 da 18 kawai aka amince da su. Karat 9 kuwa kashi 375 ne kawai cikin 1000 na zinare, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da makamantansu. Mu nan da muka saba da 21 da 22 da 18, in an kawo mana shi sai mu taɓe baki. Amma wannan sassauci, tare da injunan maƙeran Birmingham da ke buga siffofi da yawa a lokaci guda, shi ya ba akawu ko leburan masaƙa damar sayen fil na zinare daga albashinsa, ya miƙa wa wadda yake so ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Irin waɗannan su suka fi yawa a shaguna yau: marasa nauyi, masu ƙananan lu'ulu'u da aka raba biyu don su yi auki, amma ka ga alamar an sa su shekara da shekaru, allurar ta lanƙwashe, gefen ya sha hannu ya yi sumul. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda ya ba da abin da ƙarfinsa ya kai, ya kwana da kwanciyar hankali, amaryarsa ma haka.

Ga labarin wanda ya yi akasin haka. A 1785 Yarima Joji, magajin gadon sarautar Ingila, ya haukace a kan wata bazawara mai suna Mariya Fitzherbert. Doka ta hana shi aure sai da izinin mahaifinsa, ta kuma hana mai auren 'yar ɗarikar Katolika hawa gadon sarauta, ita kuwa Katolika ce. Ya sa wani mai zane, Richard Cosway, ya zana masa idonsa guda ɗaya tak, ya aika mata, yadda in wani ya gani ba zai gane mai idon ba. A watan Disamba na shekarar suka yi aure a ɓoye. Daga nan yayin ya bazu, masoya suka riƙa sa a zana ido ɗaya a kan ɗan hauren giwa, a kewaye shi da lu'ulu'u, a mayar da shi fil ko zobe. Yau waɗannan suna cikin mafi tsadar irin wannan kaya.

To ina alkawarin ya kwana? Joji mutum ne mai almubazzaranci, bashi ya yi masa katutu har ya haura fam dubu 600. Aka nuna masa hanyar da za a sauke masa nauyin ita ce ya auri 'yar sarauta da doka ta yarda da ita. A 1795 ya auri Gimbiya Karolin, auren da ya zama abin kunya ga su biyun. Ya koma wa Mariya na wasu shekaru, ya sake juya mata baya. Da ya mutu a 1830 yana sarki, aka tarar da ɗan hotonta rataye a wuyansa, aka binne shi da shi. Marubuta suna son wannan ƙarshen, suna cewa ga so na gaskiya. Ni dai abin da na gani shi ne mutumin da ya iya riƙe hoto shekara da shekaru ya kasa riƙe mai hoton. Me abin wuyan ya tsinana wa matar da ta kwashe ƙuruciyarta tana jiran a kira ta matar aure a bainar jama'a? Kuma ku lura da abin da ya fara tsinka igiyar: bashi. Na ga gidajen da ango ya ci bashi ya cika akwati da gwal don kada a raina shi, wata uku bayan biki masu bin bashi suna sallama a ƙofa, gwal ɗin ya koma kasuwa da faɗuwa, amarya ta rasa adon ta rasa fara'ar miji. Iyaye mata, a nan da hannunmu a ciki. Mu ne muke buɗe akwati muna ƙirge, mu ne muke kwatanta na 'yar wance da na 'yarmu.

Shi lu'ulu'un ma da ke ƙyalli a ƙirjin matan Landan, bashi da gumi ne a bayansa. A wancan zamani mafi kyawunsa yana fitowa ne daga tekun Fasha, wajen Baharen, da kuma mashigin da ke tsakanin Indiya da Siri Lanka, ya bi ta kasuwar Bombay a huda shi a tantance, sannan ya wuce Faris da Landan. Duk shekara, kimanin wata huɗu na tsananin zafi, jiragen katako suna can tsakiyar ruwa. Mai nutso zai matse hancinsa, ya taka dutse mai igiya ya nutsa da numfashi ɗaya, ya tsinci kawa a kwando, abokin aikinsa ya jawo shi sama, ya huta kaɗan ya sake komawa, haka har faɗuwar rana. Yawancin kawar in an buɗe ba komai a ciki. Mai jirgi yakan ba shi kuɗi kafin a fita don ya bar wa iyali, a rubuta bashi, kuma sau da yawa bashin ya bi shi har kabari ya faɗa kan ɗansa. Cikin masu nutson akwai bayi da aka kwaso daga gabashin Afirka. Duk wanda ya san wannan zai riƙe kayan ado da tawali'u, ya bar taƙama da shi.

Farashin da ake wannan wahala dominsa ma bai dawwama ba. A 1917 wani attajiri a New York, Morton Plant, ya ba kamfanin Cartier katafaren gidansa da ke titin Fifth Avenue a madadin sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu da matarsa ta ƙyalla ido a kai, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan 1. A lokacin wani ɗan Japan, Kokichi Mikimoto, wanda tun 1893 ya fara gano yadda za a sa kawa ta yi lu'ulu'u a gona ta cikin ruwa, ya riga ya kama hanyar cika duniya da nasa. Kasuwannin duniya suka karye a 1929, aka sami man fetur a Baharen a 1932, masu nutso suka bar teku suka koma aikin mai. Da aka yi gwanjon sarƙar nan a 1957, kimanin dala dubu 150 ta yi. Gidan kuwa har yau shagon Cartier ne. Wanda ya jingina darajar kyautarsa da farashi, ya sani kasuwa ce za ta riƙa hukunta soyayyarsa, ita kuwa yau ta hau gobe ta sauko.

Mu Musulmi muna da labarin da ya fi duk waɗannan. Bayan yaƙin Badar, cikin fursunonin Makka akwai Abul Asi, mijin Nana Zainab 'yar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a lokacin bai musulunta ba. Da mutanen Makka suka aiko da fansar 'yan'uwansu, Zainab ta haɗa da sarƙar wuyan da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Manzon Allah yana ganin sarƙar ya gane ta, tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mutumin su mayar mata da abinta, suka yarda. Abul Asi ya yi alkawarin zai turo Zainab Madina, ya koma Makka ya cika, kuma Annabi ya yabe shi a kan gaskiyarsa da cika alkawarinsa. Ba wanda ya ɗora sarƙar nan a ma'auni ranar. An san wadda ta ba da ita, an san wadda aka ba, an san dalili, shi ya sa ta yi abin da tarin dukiya bai yi ba.

Wannan sanin shi ne abin da muke sakaci da shi. Turawan wancan zamani sukan sa a zana suna da kwanan wata a bayan fil, wani lokaci da ɗan gurbi mai murfin gilashi da aka nannaɗe gashi a ciki. Duk da haka ga su nan jere a shaguna, baƙo na juya su yana tambayar farashi, saboda waɗanda suka san labarin sun ƙare ba su bar wa na baya ba. Nan gida ma na sha gani. A kawo kayan mamaciya ƙulle a hankici, a goga a dutsen gwaji, a ɓamɓare duwatsun a ture gefe, a ɗora saura a sikeli, kuɗin aiki ya tafi a banza, a kira lissafi a raba. Ba wanda ya san wane ɗan kunne ne na sadakinta, wane warwaro ne ta gada daga kakarsu. Amma inda uwa ta taɓa zaunar da 'ya'yanta ta ce wannan babanku ya sayo mini shekarar da aka haife ki, ranar rabon gado za ka ji wata ta ce a yi masa kuɗi a sa mata a cikin rabonta, ba za a narka shi ba. Don haka, 'yata, ki ba da labarin kayanki tun kina da rai. In kin iya rubutu ki rubuta a takarda ki ajiye tare da su.

Ba duk abin da ke cikin al'adar mutanen nan za mu ɗauka ba. A da sukan maƙala fil ɗin nan mai zuciya biyu a mayafin jariri wai ya tsare shi daga mayu da kambun baka. Mu mun san ƙarfe ba ya tsare kowa, tsari na Allah ne. Da Albat ya rasu a 1861 yana da shekara 42, ya bar Biktoriya da 'ya'ya 9, ta shiga baƙaƙen kaya ba ta fita ba har mutuwarta, kusan shekara 40, ƙasar ta bi ta da yayin kayan makoki na baƙin dutse da lu'ulu'un hawaye. Addininmu ya yanka wa mace takabar wata huɗu da kwana goma, bayan nan ta yi ado, ta yi aure in ta so, mamaci kuwa addu'a da sadaka yake buƙata. Mu ɗauki riƙon amanar, mu bar musu camfin da wuce iyakar.

In Allah ya sa irin wannan fil ya faɗo hannunku, ta gado ko ta saye, kada ku yi gaggawar kai shi wuta. Zinaren da ke jikinsa 'yan giram ne, ƙimarsa tana cikin aikin hannu da shekarunsa. Ku juya bayansa ku duba. In an buga lambar 15, akwai kyakkyawan zaton an yi shi tsakanin 1854 da 1932, shekarar da aka soke karat 15 da 12 aka kawo 14. Hatimin anga na ofishin gwajin Birmingham ne, wanda aka kafa a 1773, kan damisa kuwa na Landan. Tsofaffin suna da 'yar ƙugiya a buɗe ba makulli, allurar takan ɗan zarce jikin fil ɗin. Wasu na gaskiya ba su da hatimi ko ɗaya, wasu masu hatimin jabu ne, don haka a nuna wa wanda ya san kan abin kafin a biya ko a sayar.

Lu'ulu'u kuma ba ya jure abin da zinare ke jurewa. Yana da taushi, tsami yana cinye shi, turare yana dusashe haskensa. Ki gama shafa humrarki da turaren wutarki, jiki ya sha, sannan ki maƙala shi, in kin dawo shi za ki fara cirewa. Kada ki jiƙa shi a ruwa, domin ruwa na shiga ƙarƙashin ƙananan ya baƙanta su ko ya zubar da su. Ki goge da ƙyalle mai laushi, ki naɗe shi shi kaɗai kada sarƙa ta karce shi. Bushewa mai tsanani irin ta hunturu tana sa shi tsagewa in an kulle shi an manta, gara a riƙa fito da shi ana sawa.

Saura magana biyu. Ku maza, abin da kuka ba mace ya zama nata, sadaki ne ko kyauta. In buƙata ta kama ka har ka nemi gwal ɗinta ka yi jari, ka roƙa da girmamawa, a kira shi bashi, a sa shaida, ka biya. Da yawa sun karɓa da sunan aro, shekara ta zagayo suka ƙaro aure da ribar, mai gwal tana kallo. Wannan cin amana ne, kuma akwai ranar hisabi. Ku mata kuma, in ciwo ya zo, ko karatun yaro ya tsaya, ko abinci ya yanke, ki sayar ba tare da kin ɗauka kin tozarta wanda ya ba ki ba. Wanda ya ba ki don so zai fi son ya ga kin rufa asirin gida da shi. Abin da nake hana ki shi ne narka na uwarki don kawai an fito da sabon yayi.

Kyan alkawari cikawa. Ka ba da abin da aljihunka zai ɗauka, ka san abin da kake faɗa da shi, sannan ka kwashe sauran rayuwarka kana gaskata shi da ciyarwa da haƙuri da kyakkyawar magana. Ke kuma ki karɓa da godiya ko ƙarami ne, ki auna mijinki da halinsa. Iyaye, mu sassauta wa yaran nan lefe don su shiga aure ba da bashi a wuya ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa mu cika da imani.